Saiwar Albasa a Arekipa

A Arekipa, gindin dutsen Misti,
Eufemiya Huaranka ta tsinke bakin saiwar albasa,
jar albasa ta gonar ubanta,
ta ɗiga mata rini,
ta danne da babban yatsa tsakanin gilasai biyu.

Ta kafa ido a madubin ƙara girma.
Ɗakuna ne reras kamar jerin bulo.
Yawancinsu tsit, ka ce barci suke.
Ina barci! Kwafe littafin gado ake yi,
baƙi bayan baƙi,
a duba, a sake dubawa,
kafin mai gadi ya ce a wuce.

Ga wani can, zarensa ya murɗe ya yi kauri.
Ga wani, zaruruwa sun yi sahu a tsakar ɗaki,
igiya ta kama kowa ta ƙugu,
ja nan, ja can,
sha shida gabas, sha shida yamma,
sai bango ya tashi a tsakani.
Ɗaya ya zama biyu.
Rabon gado ba alƙali, ba wanda ya yi kuka.

Shekara ashirin tana kallon wannan
ba ta taɓa jin tsoronsa ba, sai bana.
Hawa na uku a asibiti, gado na bakwai,
Selestino yana kwance, ya rame kamar kara.
A hanjinsa mai gadi ya yi gyangyaɗi,
wasu ɗakuna suka wuce ba sallama,
suna rabuwa, suna rabuwa,
ba mai ce musu ya isa.
Abin da ke tsirar da saiwa
shi ke cin mai gonar.

A aljihun farar rigarta akwai hoto,
baƙi da toka-toka, wani abu kamar ƙwayar wake.
Cikin 'yarta Marisela ne, sati goma.
Wannan ta wata hanyar ya biyo:
zaren uwa da zaren uba suka rungumi juna,
suka yi musayar guntaye kamar maƙwabta a kan iri,
aka raba, aka kuma rabawa,
arba'in da shida ya koma ashirin da uku,
rabi ya zauna jiran rabinsa.
Shi ya sa albasa ba ta yin halin ruwa.
Amma wani guntu na tsohon yana nan ciki,
ko kunnen, ko taurin kan.

Da yamma ta hau bene da hoton.
Ya ɗaga shi saitin taga, ya juya shi sama ƙasa,
bai gane tattaɓa-kunnensa ba.
Ya miƙo mata, ya ce,
"Albasar fa? Kin duba?"
Ta ce, "Tana rabuwa, Baba."
Ya lumshe ido.
"To, a sakar mata ruwa ranar Laraba."