Makulli Uku

Akwatin namu na ƙarfe ne, kore,
Ɗan Jimo maƙeri ya yanko shi daga ƙofar tsohuwar mota.
Kwaɗo uku gare shi.
Makulli ɗaya na wuyana,
ɗaya na haɓar zanen Tambara mai ƙuli-ƙuli,
na ukun wajen Kuluwa, wadda ba ta yarda da kowa ba,
har da lissafin kanta.

Kowace Laraba bayan la'asar, gindin bedi,
dala ashirin-ashirin muke zubawa.
Miya muke ragewa gishiri
don wata ta haihu a kan gado mai fitila.

Sahura ta zo mana da wata biyar,
shekara sha shida,
hijabi har ƙasa, tana ɓoyon abin da ba ya ɓoyuwa.
Mijin, shi ma jiya ya bar ƙwallo,
ya tafi haƙar zinariya Jado, wayarsa ba ta shiga.
Ta zauna bakin tabarma kamar mai neman aro.
Tambara ta ja fatar idonta ƙasa, ta leƙa:
fari fat, cikin sabuwar ƙwarya.
"Ke, ina kika kai jininki?"

Mu muka raka ta awo.
Ni na riƙe mata layi, ita ta riƙe kunyarta.
Madam Rakiya ta ba ta karne, gidan sauro, jajayen ƙwayoyi,
ta ce zogale, hanta in an samu, a bar ɗaukar tulu.
Sahura ta ce ƙwayar na tayar mata da zuciya.
Na ce sha bayan tuwo, ina tsaye.
Wata huɗu ina tsaye.

Daren da abin ya zo
ruwa ake kamar da bakin ƙwarya,
Gulbi na magana, har Bagalam ana jin sa.
Ƙanwarta ta buga mini ƙofa, ba ko takalmi.
Ƙafafu sun kumbura, kai na sara,
ta ce tana ganin wuta-wuta a bango.
Madam ta sha gaya mana:
in kun ga haka kar ku jiƙa komai, kar ku jira asuba.

Badamasi mai adaidaita ya fito da bargo a ka,
ya ce tanki ƙaf, mai bumburutu kuwa bai san bashi ba.
Na ciro nawa. Tambara ta kwance nata.
Kuluwa tana Tibiri wajen suna,
makullinmu na ƙugunta yana cin shinkafa.

Muka dubi akwati, akwati ya dube mu.
Dokar tamu ce, mu muka dangwala mata yatsa.
Tambara ta ɗauko taɓarya.
Hannun da ya shekara talatin yana matse gujiya:
bugu biyu.

Sauran ban iya jera shi ba.
Taɓo, tura adaidaita wajen kwalbati,
bencin asibiti mai sanyi,
ƙofa ta rufe, ta buɗe, ta rufe,
ladan na farko, ladan na biyu,
sai wani ɗan kuka siriri kamar na mage.
Mace. Kilo biyu da ɗan abu.
Uwar ta buɗe ido ta ce yunwa take ji.

Kuluwa ta dawo ran Juma'a.
Ta ga kwaɗonta a karye, ta yi faɗa har kaji suka bar gidan.
Ta ƙirga kuɗi sau uku,
ta ci mu tara, dala goma-goma, muka biya.
Daga nan ta dama kunun kanwa cike da kwano
ta nufi asibiti tana ci gaba da faɗan a hanya.

Sabon kwaɗo ita ta saya da kuɗinta.
Yanzu in za ta ko Jiratawa
sai ta tsaya ƙofar Sahura, ta miƙa makulli,
ta ce, "Riƙe. Kuma na san nawa ke ciki."