Kofi na Arba'in da Ɗaya

A Barnsley, layin da ke bayan tsohuwar mahaƙar kwal,
gidan kakana ne mai jar ƙofa.
Ormerod, direban bas da ya ajiye aiki.
Amma leƙa falonsa ka ga fada:
kofuna arba'in a jere cikin kabad na gilashi,
kowanne da fuskar mai sarauta.
Wannan na ranar naɗi, wancan na ɗaurin aure,
na can ƙarshe na haihuwar jaririn da yanzu ya yi sanƙo.
Ba a shan shayi da su.
Ran Lahadi yake goge su da tsohuwar singileti,
yana yi musu magana ƙasa-ƙasa
kamar mai lallashin kaji su shiga akurki.

Tambaye shi, in kana da yinin zubarwa.
Zai jero maka su tun daga wanda ya haye teku ya ci ƙasar,
da wanda ya auri shida ya sa aka sare kan biyu,
da wanda aka fille wa kai cikin sanyin Janairu,
da wanda aka tono ƙasusuwansa
ƙarƙashin filin ajiye motoci.
Ko shekara ɗaya ba ya tuntuɓe,
shi da ke manta inda ya ajiye haƙoransa.

Sau ɗaya ya je Landan don ganin ido.
Kwana biyu a bakin titi, kan kwali, ruwa na tsuga,
shi da kakata Enid da fulas ɗin da ya huce.
Da karusar ta zo wucewa
sai wani dogo ya saɓa ɗansa a kafaɗa.
Abin da kakana ya gani ke nan: farar safar hannu,
ta ɗaga, ta sauka.
Shekara talatin yana ba da labarin safar nan,
kowace shekara tana ƙara matsowa kusa da shi.
Enid kan ce, “Ni dai mura na samo.”

Ina 'yar sha ɗaya malama ta ce
kowa ya rubuto salsalar gidansu.
Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama,
na ruga gidan mai jar ƙofa da fensir.
Ya ba ni sunan ubansa, Seth.
Na ce, sai uban Seth.
Ya buɗe baki. Agogon bango ya yi ta aikinsa.
“A rami ya yi aiki,” in ji shi.
“Tari ne ya kashe shi, ina jin. Ko ramin ne?”
Mutumin da ya san wa ya haifi wa har shekara dubu
ya tsaya cak a hawa na uku.

Ya wuce kabad bai kalle shi ba, ya shiga kicin,
ya fito da wanda yake shan shayi da shi kullum:
na ƙarfe, farin fentinsa ya ɓantare a baki,
ba kambi, ba fuska.
Ya kifa shi. A gindi an karce da ƙusa: J.O.
“Nasa ne. Wannan J ɗin,
ban taɓa tambayar kowa ba.”

Bara muka kwashe kayansa.
Dillali ya dubi arba'in ɗin ya taɓe baki,
wai irinsu sun cika kasuwa.
Na naɗe su da jarida, suna ƙarƙashin gadona.
Na je coci na sa aka buɗe mini tsohon littafi:
Jabez na nan, Josiah na nan, da wani Job,
duk Ormerod, duk 'yan rami.
Ban san wanne ba.
Da safe nakan zuba shayi a na ƙarfen,
ya ƙona mini leɓe,
in kira su ukun.