Intabiyu a Saman Shagon Taki

Da dutsen guga na gawayi na goge rigar,
don wuta ba ta kwana a Hanwa ba.
Ɗan acaɓa ya ajiye ni a Kwangila,
ya nuna da haɓa: can sama, bisa mai sayar da taki.
Na hau ina ƙirga matakala.
Sha bakwai. Ta ƙarshen tana motsi.

Kamfanin duka ɗaki ɗaya ne:
tebur uku, fanka mai ƙorafi,
farin allo da aka goge har ya koma toka.
Huwaila ce ta kafa shi, kuma na girme ta.
Ishaya ɗan Wusasa yana gefe da kofin shayi,
ya karanta takarduna kamar mai duba rasit.

Mako uku na yi ina hadda,
yadda ake jera lambobi, ƙarami kafin babba,
yadda ake nemo allura cikin miliyan.
Ba wanda ya tambaye ni ko ɗaya.
Suka ce: ga ƙwaro, kama mana.
Manhajarmu kan rubuta buhu biyu
in manomi ya danna sau biyu don haushi.

Na ɗora yatsu ke nan aka ɗauke wuta.
Kwamfutata, wadda batirinta ya rasu tun ina aji uku,
ta rufe ido ba ko sallama.
Janareta fa? Sai gobe, in an biya su.
Ishaya ya miƙo mini alƙalamin allo,
shi ma rabinsa ya bushe.

Na tsaya, gumi na bin bayana.
Daga ƙasa ana jayayya kan kuɗin yuriya.
Huwaila ta ce: bar ƙwaron tukuna.
Ran kasuwar Giwa sabis kan gudu tun hantsi.
Mutum ɗari sun sayar da masara.
Ina lissafin zai zauna kafin ya dawo?

Kaina fayau.
Sai ga littafin adashin Inna ya faɗo mini,
mai bangon shuɗi, mai warin man gyaɗa.
Ba ta jiran uwar adashi kafin ta rubuta.
Kowa ya kawo, ta sa suna, ta sa rana, ta ja layi,
ran Juma'a a zauna a haɗa littafi da littafi.
Wanda aka ja wa layi ba a sake ƙirga shi,
ko da ya rantse.

Shi na zana. Akwati, kibiya, wani akwati.
Kowane ciniki da lambarsa tun daga wayar,
ya jira a layi, in hanya ta buɗe ya wuce,
in ya zo sau biyu a ce masa: an gan ka.
Ishaya ya ajiye kofi.
Ya ce a ina na koya.
Na ce a Samaru. Kunya ta hana ni cewa a tsakar gida.

Sai maganar albashi.
Huwaila ta kalli fankar da ta tsaya.
Rabi kuɗi, in ji ta, rabi hannun jari.
Na yi tunanin mai gidan haya,
ko yana karɓar hannun jari.
Za mu kira ka, suka ce,
kalmar da na ji a Kaduna, na ji ta waya daga Legas.

Yau kwana tara.
Wayar na kwana kusa da kunnena.
Jiya da la'asar ta yi ƙara, na kusa zubar da koko.
Inna ce.
Wai lissafinta ya ɓace da ɗari biyar,
in zo in duba mata,
tunda ni ne na yi karatun.