Shekarun da Babu a Takarda

Ina ɗan sha biyar muryoyin suka sauka,
ranar Laraba, ana tsakiyar darasin lissafi.
Mista Ogunleye yana rubutu a allo,
ni kuwa ina jin alli yana kiran sunana:
Tasi'u, Tasi'u, tashi, sun iso.
Na tashi. Aji ya fashe da dariya.
Ban tsaya ba sai bakin titin jirgi na Agege,
takalmi ɗaya a ƙafa.

Inna ta ce iska ce, aka yi ta turare har idona ya kaɗa.
Baba ya ce ƙwaya ce, ya zazzage aljihuna,
bai samu komai ba sai guntun fensir
da naira hamsin ta burodi.
Iya Rafatu, mai ɗakin da ke kallon namu,
ita ta ce a kai yaro Yaba.
Ƙasa-ƙasa ta faɗa, kamar mai tona asirin gidansu.

Wata huɗu a can.
Na koyi sunan ciwona, na koyi haɗiye magani ba ruwa.
Na dawo da ƙiba, da rawar hannu,
da barcin da ba ya jin kiran asuba.
Shugabar makaranta ta ce wa Baba,
ba don shi ba ne, don iyayen sauran yara ne.
Kafin kaina ya gama dawo mini
'yan ajinmu sun rubuta jarrabawar fita, sun watse.

Aka kai ni koyon ɗinki wurin Badamasi.
Mutumin kirki ne, har waina yake saya mini.
Sai dai da na yi sallama
almakashi zai koma ƙarƙashin cinyarsa.
Wata bakwai ina saka maɓalli.

A Ikeja, a masana'antar roba,
na ci gwajinsu, na fi kowa maki.
Matar ta ɗora bakin biro a kan takarda:
daga nan zuwa nan, shekara huɗu, ina ka shiga?
Da na ce Funtuwa na tafi wurin kawu
da yanzu katin aiki yana lilo a wuyana.
Na faɗi gaskiya.
Ta ja kujerarta baya, kaɗan, bai fi taƙi ba,
ta ce za su kira.
Har yau ban canza layi ba.

Ikko ba ta damu da mai zance shi kaɗai
a ƙarƙashin gadar Oshodi ba,
ratse shi take ta wuce, danfo na jira.
Wanda ya samu sauƙi, ya goge rigarsa, ya zo da takarda,
shi take tsoro.

Yanzu buhunan albasa nake ƙirgawa a Mil Sha Biyu.
Kafin Alhaji Ɗanjummai ya lalubo wayarsa
na faɗa masa jimillar tirela guda.
Ya ce, kai, kan nan naka!
Jakar kuɗi kuwa tana hannun Nafi'u,
yaron da ni na koya wa ninkawa.

Alhamis ɗin farkon wata ina Yaba, in karɓi na wata guda.
Ba na ɓoye ledar yanzu. Na gaji.

Da dare, bayan isha'i, akwai darasi a bayan masallaci,
na masu neman sake jarrabawa.
Shekarata ashirin da bakwai, benci ya yi mini kaɗan,
gwiwata tana dungurar tebur.
Jiya ruwa ya sauko, kwano yana yoyo, muka matsu wuri ɗaya.
Wata yarinya, Lawiza, ta turo littafinta:
Yaya, nuna mini wannan.
Ba ta san komai ba, ko ta sani, ban tambaya ba.
Hannuna yana rawa, na nuna mata.

Malam ya ɗauki alli.
Na kasa kunne, kamar kullum.
Ƙiiii kawai ya ce,
sai bakwai ta fito a allo.