Arba'in da Huɗu

Shekara ashirin da uku ina gadin wuta a Ashaka.
Ba wutar girki ba,
wutar da ba a yi mata kallon ƙurilla
sai ta baƙin gilashi, kamar mai leƙen husufin rana.

Dutse yana shiga ta can da sanyinsa,
ya gangara cikin tanderu mai juyi,
ya faɗo ta nan curi-curi, ja zur, yana huci.
Ban taɓa tambayar komai ba.
Mai jiran ƙarshen wata ba ya yawan tambaya.

Sai Zuwaira ta zo hutu daga jami'a.
Muna cin tuwo ta ce: Baba,
in ka toya dutse kilo ɗari,
hamsin da shida ne ke saura a hannunka.
Ina arba'in da huɗun?
Na ce: Ke, sata kike tuhumata da ita?
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame,
ta nuna sama da cokali.

A kan tagata akwai wani dutse
da Bappayo ya tsinto mini a ramin haƙa,
da zanen katantanwa a jikinsa, naɗe kamar gammo.
Ta ɗauka ta ce nan teku ne a da,
tun ba Bajoga, tun ba Gongola,
tun babu mai kiran abu da suna.
Halittun ruwa suka haɗiye iska suka yi gida da ita,
suka mutu, gidajen suka daskare.
Numfashin nan dutse ya riƙe shiru,
ni kuma kullum dare
ina matsa masa da wuta sai ya fesar.

Daren nan na je aiki
na kasa daina kallon bututun hayaƙi.
Abin da take nufi ba ya ma da launi.
Na tuna zafin bazarar bara,
da rijiyar Malam Gidado da ta ƙafe kafin azumi,
ban san ko da hannuna a ciki ba,
ban kuma san ko babu ba.

To mene ne magani, a daina gini?
Ta ce a'a, a rage wa dutse wahala.
A toya yumɓu, wutarsa ba ta kai waccan ba,
shi kuma gumi kawai yake yi.
A niƙa shi da ɗanyen dutsen da bai ga wuta ba,
a haɗa da kaɗan daga nawa.

Yumɓu!
Inna Dudu ta yi shekara hamsin tana toya shi a bayan gida,
da kara da kashin shanu,
tana ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa,
in ta yi ƙara ta ce ta nuna.
Ni na gudu daga matoyarta
don kada a ce da ni ɗan mai tukwane,
na sa hular kwano da takalmin ƙarfe.
Ashe zagaye na yi, kamar tanderuna.

Ban yarda nan take ba.
Simintin da ya yi ja-ja kamar tsingaro,
wa zai ɗora ɗakin 'ya'yansa a kai?
Ta kwaɓa, ta zuba a gwangwanin madara,
ta ce in jira kwana ashirin da takwas.
Na ƙirga su a bango da gawayi.

Ranar na kai masa guduma sau uku.
Gefe kawai ya ɓantare.

Yanzu yana kan taga, kusa da katantanwar.
In zan fita aikin dare
nakan ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa,
in kasa kunne.