Dashe

Kwana tara ke nan ina barci a zaune,
matashi uku a baya, tawul naɗe a wuya,
kamar mai jiran motar Illela ta cika.
An ɗauke wuta tun la'asar.
Zafin Sakkwato bai san an yi wa mutum aiki ba,
gumi na bin tsakanin saiwa dubu uku da ɗari biyu
da likita ya tsinto a ƙeyata ya jera a goshi.
Hannuwana na danne ƙarƙashin cinya
don kada su tafi susa ba da izinina ba.

Ƙaiƙayin nan, Allah shaida,
kamar an juye mini gidan kiyashi a ka.

Shekara sha bakwai ina sayar da hula a Tsohuwar Kasuwa,
zanna da damanga da kube,
na rufa wa sanƙon rabin gari asiri.
Yau ni aka ce kada in sa ko ɗaya.
Ran Juma'a na shiga sahu da kai tsirara,
jajir, da ɓawo kamar an barbaɗa kanumfari.
Wajen alwala na tsaya da jiƙaƙƙen hannu a sama
na rasa inda zan sauke shi.
Da na zo sujada na kai goshi ƙasa
kamar mai ajiye ƙwan zabi a kan dutse.

A kwana na huɗu kumburi ya gangaro,
idanu suka shige ciki.
Hajo, 'yar autata, ta leƙo ta labule
ta koma da gudu, wai baƙo ya zauna a gadon Baba.

Luba ce ke wanke mini.
Kumfa a tafin hannu, ruwa a ludayi,
ba ta murzawa, ɗigawa take yi.
Tana ɗigawa tana cewa,
"Mi yak kai ka Misra, Nafi'u?
Ni dai ban taɓa ce maka komi ba."
Gaskiya ne, ba ta taɓa ba.
Madubin shagona ne ya yi ta faɗa.

Kullum da safe in ɗauki hoto, gaba, gefe, bisa,
in tura wa likita can bayan teku.
Sai azahar amsa ta zo, kalma uku:
haka yake yi.
Ja ɗin nan fa? Haka yake yi.
Ƙurjin da ya fito gefen hagu?
Inda na bugu da ƙofar keke-napep a Gawon Nama?
Haka yake yi.

Sati na uku gashin ya fara zuba.
Na tsince su a rigar matashi, gajeru, baƙaƙe,
na ƙirga arba'in da ɗaya na daina,
don kowane ɗaya taku ne daga filin da na sayar a Arkilla.

Ranar Kawu Maccido ya zo daga Kwalkwalawa
da buhun albasa da laka a diddige.
Ya duƙa ya dubi kaina
irin duban da yake wa fadama.
Ya ce, "Dashe kwanciya shi kai kafin shi tashi.
Ganyen farko ba naka ba ne, na gandun da ya baro ne.
Mai tono kullum don shi ga saiwa,
shi ka kashe ta."
Ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

Na juya madubi ya fuskanci bango.
Wayar ce ban san yadda zan yi da ita ba.

Wanzamina, Ɗan Jummai, ya tare ni a Mabera,
ya ce yaushe zan dawo masa da ciniki.
Na ce wata shida, in ji likita, ko tara.
Ya ce askarsa ba ta gaggawa.

Yanzu dare ya raba, fanka ta tsaya.
Yatsana ya taso da kansa har gaban goshi,
ya tsaya, saura kaurin takarda.
Luba, ido a rufe, ta kamo shi
ta riƙe.