Kunnen Kakana

A Eibar, inda duwatsu suka matse gari
har kogin Ego ya koma bin ƙarƙashin tituna,
kakana Eneko yana da ɗaki a bayan gida
mai warin maiko da garin ƙarfe da danshin damina.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gwajin bindiga,
duk wadda aka ƙera sai ta fara magana a hannunsa.
Suka yi ta yi, har kunnen hagu ya rufe ƙofa,
na dama ya bar 'yar kafa, irin ta leƙen maƙwabta.

Ina da shekara tara na kai masa ta rumfar wasa,
ta Gaizka mai jera gwangwanaye, wai ta daina tari.
Na kafa baki a kunnen dama, na ɗaga murya:
"Don me waɗancan ke tsawa, wannan sai atishawa?"

Ya ɗora ta a gwiwata, ya nuna bututu.
"Ja," in ji shi.
Na ja, na ja, har idona ya yi ja,
wani abu ya ce ƙas a cikinta, ya tsaya.
"Sifirin ke nan ya tsuke, kunama ta riƙe shi.
Ƙarfinki ne a ciki, ajiya kika ba ta.
Ki taɓa kunama, ya miƙe, ya ingiza fistin,
fistin ya koro iska,
iska ta rasa hanya sai bayan ƙwayar darma.
Abin da kika ba ta shi za ta mayar miki,
har da ragi. Ba ta san riba ba.

"Waccan ta kan ƙusa, mai famfo, numfashi take tarawa.
Sau goma ana dannawa tana haɗiyewa,
kamar kakarki in na ɓata mata rai,
sai an buɗe mata ta faɗe shi gaba ɗaya."

Ya yi dariya shi kaɗai. Sai ya daina.
Ya jawo aljihun tebur, ya laluba,
ya fito da kwanson tagulla, fanko, bakinsa baƙi.

"Wannan ba ta roƙon damtsen kowa.
Allura ta dunguri ƙeyar harsashi,
tartsatsi ya faɗa cikin albarushi.
Ana cewa fashewa, amma ƙonewa ce mai gaggawa:
abin da bai cika cokali ba
ya zama iska mai zafi, mai neman fili.
Gabas ƙarfe, yamma ƙarfe,
ƙofa ɗaya ce, kuma harsashi na zaune bakinta.
Kan ki ƙifta ya fice,
wani ma yakan riga ƙararsa isa.
Ragowar wutar ta biyo shi waje da ihu,
ihun nan shi ya cinye mini kunne."

Ya juya kwanson a tafin hannunsa.
"Yatsa ɗaya kawai take nema, Nekane.
Ƙarfin da ba ka yi masa gumi ba
ba ka sanin nauyinsa."

Ciwon ta Gaizka ashe fata ce ta bushe,
iska na zurarewa ta gefe.
Ya yanko sabuwa a harshen tsohon takalmi,
ya jiƙa ta da mai, ya ɗaure, ya miƙo mini.
Na auna gwangwanin kifi a kan taga.
Tak! Gwangwani ya wuntsila cikin ruwan sama.
Bai ji ba. Fuskata yake kallo.
"Ta yi?" Na gyaɗa kai. Ya goge hannu a riga.

Ɗakin yanzu wani ke gyaran kekuna a cikinsa.
Kwanson yana wurina, cikin kwalbar maɓallai.
Wani lokaci nakan hura bakinsa,
ya yi 'yar siririyar ƙara,
wadda ko da yana nan ba zai ji ba.